Safar Abawa

Tumakinmu ba su da ulu. Ko uda ko balami ko 'yar ƙasa, gashi ne gajere a jikinsu, ba wanda za a aske a kaɗa. Tumaki masu ulu sai can Masina ta ƙasar Mali, inda Fulani ke saƙa barguna masu nauyi. Saboda haka da Yaya ta dawo Damaga daga riƙon Gwaggo a Talatar Mafara da sabuwar sana'a a hannunta, wai saƙar safa, abin da ya fara tsaya mata shi ne zare.

Ƙarshen shekarun 1980 ke nan, muna cikin Jihar Sakkwato, don sai a 1996 aka yanke Zamfara. Shirin Maryam Babangida na kyautata rayuwar matan karkara, wanda ya soma a 1987, ya sa an buɗe wa mata wuraren koyon ɗinki da saƙa, kuma a irinsu Yaya ta koyi kwarashi da kibiya. Sauran 'yan ajinsu suka tsaya kan hula da shawul na jarirai. Ita kuwa safa ta shiga ranta, ta manya, saboda Baba. Tun da aka gama madatsar Bakalori a 1978 noman rani ya canza fuska a yankinmu, kuma da gwamnati ta hana shigo da alkama a 1987 kowa ya rungumi alkama. Alkama kuwa 'yar hunturu ce. Baba yakan shiga ban ruwa tun duhun asuba, ya wuni cikin laka, ya dawo da faso a dunduniya har jini na tsattsafowa. Man kaɗe ake cusawa a ciki da dare, amma kafin safe ƙura ta bi ta lashe shi. Abin da ake bukata shi ne abin da zai rufe ƙafar ya riƙe man.

Ulun kanti akwai shi ranar Talata a Mafara, sai dai tsada, kuma ƙafar namiji ba ƙafar jariri ba ce. A nan Kaka ta shigo. Ita ce mutum ta ƙarshe a gidanmu da ke kaɗi, kuma a lokacin aikin nata ya kusa zama na kashe zaman banza. Masaƙan da ke sayen zarenta sun tsufa, atamfar Kaduna da yadin masaƙar Gusau sun cika kasuwa, amare sun daina neman gwado. Duk da haka kowace kaka sai ta ware audugarta kafin a kai saura awo. Ta gurje ta a kan magurji ta fidda gurya, ta shiɓe ta da baka har ta tashi, ta naɗa, sannan ta zauna da mazari da alli a yatsa. Kwarkwaro ya cika ta ajiye, wani ya cika ta ajiye, ba mai tambaya.

"Ke kishiya, mi za ki yi da abawata?" in ji ta, ranar da Yaya ta roƙa.

"Safa zan yi ma Baba, Kaka."

"Safa? Ɗan nawa soja ne ko malamin boko?"

Ta dai bayar. Abawa zare ce mai kauri da laushi, ta saƙar kwance, ba ta da ƙarfin ja, don haka sai an haɗa biyu an murɗa. Kibiyoyin kuwa ni na samo su, wayoyin ƙafar keke huɗu daga wurin mai gyara, na goga bakunansu a dutse har suka yi santsi.

Farar safa ba ta yiwuwa a gidan da ƙasa ce daɓe, dole a rina, kuma rinin nan ne na fi tunawa. Akwai marina, amma Kaka ta ce ba ta biyan kuɗi kan abin da uwarta ta yi a tukunya. Ta sa aka tace ruwan toka, ta farfasa dunƙulen baba a ciki, ta rufe a bayan ɗaki inda rana ke duka, tana motsawa safe da yamma. Bayan kamar mako guda wari ya gaya wa maƙwabta abin da ake ciki, kumfa mai sheƙi ta taru a sama, ta ce ya nuna. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne zaren yakan fito kore, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi kana kallo. A tsoma a shanya, a tsoma a shanya, har ya kai duhun da ake so. Ja kuwa karan dafi ne, irin wanda dukawa ke rina fata da shi, a dafa da ɗan kanwa. Rawaya daga saiwarta ake samu, a daka a jiƙa. Jan ba ya zama sosai a jikin auduga, wanki kaɗan sai ya koɗe ya koma ruwan goro. Shuɗin ne mai amana, ko da yake a makon farko yakan zuba, har aka riƙa yi wa Baba tsiya a masallaci in ya zo alwala da shuɗin yatsu.

Daga baya Yaya ta gano wata hanya. In an sami tsohuwar suwaita ta gwanjo mai farin launi, sai ta warware ta, ta wanke zaren ya miƙe, ta rina. A nan muka san ulu iri biyu ne. Wani yakan sha karan dafi ya yi ja wur fiye da auduga, wani kuwa ko kwana ya yi a tukunya zai fito yadda ya shiga. Kaka ce ta raba gardama da garwashi: na tumaki ya yi ƙaurin babbaka ya zama toka, na kanti ya narke ya dunƙule kamar leda. Na gaskiyar kuma ba ya son kanwa da yawa, ba ya son a tafasa shi ana juyawa, sai ya cure ya tsuke.

Saƙar kanta a zagaye ake yinta, kibiya uku na riƙe, ta huɗu na aiki. Bakin safa biyu ciki biyu waje don ya kama ƙwauri. Wurin juya dunduniya ne ake gane gwana, don a nan ake raba idanun saƙa a yi ta kai da komo kan rabi, ana ragewa, sannan a tsinto gefe a ci gaba. In Yaya ta kai nan ba a yi mata magana, ko Inna ce. Kuma gaskiya safar abawa ba kyakkyawa ba ce. Auduga ba ta komawa in ta miƙe, kwana kaɗan sai baki ya saki ta zamo idon sawu, har sai da aka zura mata zariya kamar wando. Amma tana da ɗumi, tana riƙe man kaɗe, kuma fason Baba ya rufe. Abokan aikinsa suka fara aiko da awon ƙafa a jikin kara. Kaka, wadda ta yi shekaru ba a sayi zarenta ba, sai ga ta tana kiran kuɗi tana ƙin sallamawa, tana ce mini, "Maigida, tai ka hwaɗa ma kishiyata abawa ta ƙara kuɗi."

Hunturu kaɗan aka yi ana wannan ciniki. Safar gwanjo ta zo tuli a tire, daga baya ta Caina ta biyo, da arhar da ko kuɗin baba ba ta kai ba. Noman auduga ma ya ja baya tun da aka rushe hukumar sayenta a 1986, yanzu kuma gonakin nesa da gari a Maradun da Bakura ba kowa ke iya zuwa ba saboda 'yan bindiga. Yaya tana nan Gusau, tana saƙa kayan suna da ulun kanti mai launi tun daga kamfani. Bara na ce ta yi mini irin ta Baba, ta ce dunduniya har yanzu tana hannunta, amma ni zan nemo mai kaɗi, ni zan nemo baba, kuma ba a gidanta na haya za a kafa tukunyar nan mai wari ba.