Shekarun da Na Kai Turanci Maraɗi

Duk wanda ya riski tashar motar Jibiya a farkon shekarun 1990 zai tuna yadda ake cusa mu cikin Fijo 504, kaya a bisa, kaya a ƙarƙashin ƙafa, direba na ta rantsuwa cewa saura mutum ɗaya alhali mun cika. A irin wannan motar na bar Katsina cikin watan Oktoba na 1991, da akwatin kwano ɗaya, da kwalin alli, da takardar shaidar malanta ta Giredi Tu wadda na naɗe cikin leda kamar laya. Muka wuce Magama, muka tsaya a Ɗan Isa jandarmomi suka duba takardu, kafin azahar mun shiga Maraɗi, tafiyar da ba ta cika kilomita ɗari ba amma ta fitar da ni daga ƙasar da dattawan bakin iyaka ke kira Ingilishi zuwa wadda suke kira Faranshi. Yau mai bin wannan hanya sai ya yi ta addu'a, kuma ba ya yarda yamma ta same shi a kanta.

Wani alhaji ɗan kasuwa ne ya aiko a nemo masa malami. Harkarsa duk a Kano da Legas take, takardun kaya kuwa da Turancin Ingila ake rubuto su, sai ya biya mai karanta masa, kuma bai san ko an faɗa masa gaskiya ba. A wancan lokacin, a makarantun gwamnatin Nijar yaro ba ya fara Ingilishi sai ya gama shekara shida ta firamare ya shiga kwaleji. Alhaji ya ce shi ba zai jira ba. Ya share rumfa a gindin dogonyaro cikin gidansa, ya sa aka shafa wa bango baƙin fenti, ya tara 'ya'yansa da jikoki da na maƙwabta, yara talatin da 'yan kai, daga ɗan shekara biyar zuwa goma. Da asuba suna makarantar allo, da hantsi suna lakwal, wato makarantar boko, suna fama da Faransanci, da la'asar sakaliya kuma su zo wurina. Ƙananan kawuna, harsuna uku na koyo a yini guda, ban da na gida.

Ranar farko da na shiga rumfar suka miƙe tsaye gaba ɗaya suka ce, “Sannu, Mushe.” Ku 'yan Najeriya kun san abin da mushe yake a wurinmu. A can kuwa kalmar girmamawa ce da suka ɗauko daga bakin Faransawa, kowane malamin boko da ita ake kiransa. Kafin wata ya ƙare, in na ji ta daga bakin yaro a kasuwa sai na ji daɗi ya ratsa ni. Haka kuma na koyi cewa in na ce Turanci, su Faransanci suke nufi, abin da na kawo sunansa Ingilishi.

Ban taɓa ganin yara masu kyan rubutu irin nasu ba. Ana koya musu haɗa baƙi da baƙi tun daga ajin farko, cikin littafin rubutu mai ƙananan layuka da suke kira kaye, har yarinya 'yar shekara bakwai ta zana maka jimla kamar an buga. Kowa da ɗan allonsa na hannu da guntun alli da tsumman gogewa, in ka yi tambaya su sunkuya su rubuta, ka ƙwanƙwasa tebur su ɗaga alluna sama lokaci guda, a ƙiftawar ido ka san wanda ya gane da wanda ya ɓata. Wannan dabara a wurinsu na koye ta, kuma na riƙe ta har na bar aikin malanta.

Wahalar tana cikin baƙaƙen kansu. Baƙin da Bafaranshe ke kira “i” da baki, shi ne sunan da Baturen Ingila ya ba E. G da J kuwa kamar sun yi musayar suna tsakanin harsunan biyu, wanda malamin safe ya ce masa “ji”, ni in zo da yamma in ce ɗayan ne “ji”. Da safe an ce wa yaro H ba a furta ta, da yamma ni kuma na matsa masa sai ya furta. Kalma ɗaya mai rubutu ɗaya, a lakwal tana nufin burodi, a rumfata tana nufin ciwo. Na ga yaro ɗan shekara shida ya dubi allo, ya dube ni, hawaye suka cika idonsa, domin a ganinsa ɗaya daga cikin malamansa biyu ƙarya yake yi, kuma an hore shi cewa malami ba ya ƙarya.

Ni kuma na zo da horon da aka yi mana a kwalejin horon malamai, cewa ba a yarda a ji Hausa cikin ajin Turanci ba. Waɗanda suka yi firamare a zamanin UPE, daga 1976 zuwa sama, sun san manita mai rubuta sunayen masu yin banakula, da tara ko bulalar da ke biyo baya. Yaran Maraɗi ma sun san irin tasu, wani abin kunya da ake rataya wa wanda harshen gida ya kuɓuce masa a aji. Saboda haka da na kafa dokar, ba wanda ya yi gardama. Rumfar ta yi tsit. Wata biyu ina magana, suna maimaitawa kamar aku, ba mai tambaya, ba mai dariya.

Mahaifiyar alhaji ce ta warware mini. Tsohuwa ce da ke zama kan tabarma nesa kaɗan tana gyaran zogale, kullum tana jinmu. Wata rana da yaran suka watse ta kira ni, na durƙusa na gaishe ta, ta ce, “Malam, kai ba Bahaushe ba ne? Da wane baki uwarka ta gaya maka sunan ruwa?” Na ce, “Da Hausa, Hajiya.” Ta ce, “To, su ma nan suka san ruwa.”

Washegari na buɗe aji da ga ta nan, ga ta nanku. Muka yi ta Gizo da Ƙoƙi da Hausa har ƙarshe, sannan muka koma muna tsintar kalmomi ɗaya ɗaya muna sa musu rigar Ingilishi: gizo, kura, rijiya, nama. Muka kafa kasuwa a rumfar da marafan kwalba da duwatsu. A nan na gano wani abin da littattafan da na zo da su ba su sani ba: yaron Nijar da dala yake ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa biyar, dala ashirin sefa ɗari, jika kuwa dubu. In na ce masa ashirin da Ingilishi, kansa ya riga ya ninka sau biyar. Mako guda muka yi a kan wannan kaɗai, kuma ban taɓa jin daɗin koyarwa kamar na wannan makon ba, ana ciniki, ana taya, ana albarka, harshe biyu na gudu cikin rumfa ɗaya.

Akwai wata yarinya, shekararta ba ta wuce tara ba, ita ce gaba a ajin. Magunguna da yawa a kasuwar Maraɗi daga Najeriya suke shigowa, rubutun jikinsu da Ingilishi. Wata rana ta zo da kwalbar maganin tari na kakarta Hajiya, ta tsaya gabana, ta sa yatsa ta karanta adadin cokali da sau nawa ake sha a yini, sannan ta juya ta fassara wa tsohuwar. Ashe tsohuwa tana shan ninki biyu. Hajiya ta kama kan yarinyar ta yi ta sa mata albarka, ta aiko mini da ƙwaryar fura da yamma. Bayan shekara uku aka cire yarinyar daga lakwal da rumfata gaba ɗaya, aka ce ta isa zama gida. Na je na roƙi mahaifinta, ya saurare ni da mutunci, ya yi godiya, bai sake shawara ba. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi.

Baƙunci kuwa baƙunci ne ko da harshe ɗaya kuke yi. Su ce lahiya, in ce lafiya, yara su yi murmushi. Dare ya yi, in kunna rediyo in nemo Kaduna don in ji muryar gida. Sai ga Janairu na 1994, aka rage darajar sefa da rabi, kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo, kaye ya gagari wasu iyaye har ana raba guda ɗaya biyu da reza tsakanin wa da ƙani. Yaran maƙwabta suka fara raguwa. Na jure shekara biyu bayan haka, sannan na ɗauki akwatin kwanona na koma Katsina.

Ku matasa, ku dubi yadda abin ya juya. Tun 2013 akwai jami'ar Maryam Abacha a Maraɗi da ke koyarwa da Ingilishi, har 'yan Najeriya ne ke tsallakawa can neman digiri. A watan Maris na 2025 hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Harshen da ake rataya wa yaro abin kunya saboda shi, yau yana cikin dokar ƙasa. Waya kuma tana furta kowace kalma da lafazin da ya fi nawa kyau, ban musa ba, sai dai ba ta san dala ba, ba ta kuma san abin da malamin safe ya faɗa wa yaro ba.

A cikin azumin bara wata baƙuwar lamba ta kira ni ta WhatsApp. Murya ta babban mutum ta ce, “Mushe, ina wuni?” Yaron nan ne mai hawaye a gaban allo, yanzu yana safarar kaya tsakanin Maraɗi da Kantin Kwari, kuma shi ke karanta takardunsa da kansa. Ya ce 'yarsa ta fara koyon Ingilishi, yana so in ji. Ta ɗauko baƙaƙe tiryan-tiryan da 'yar muryarta, ta zo kan G ta tsaya, na ji uban yana raɗa mata. Na ce, “Ƙyale ta, ba ta wayar. 'Yata, mu koma daga E.”