Ranar da Sabis Ya Yanke Daga Ƙarƙashin Teku

A ƙasar Sakaba, ɗaukewar sabis ba ƙaramin al'amari ba ne. Mutumin birni in wayarsa ta ƙi buɗe intanet, tsaki zai yi ya jira. Mu nan gabanmu ne ke faɗuwa. Abu uku ke zo wa kowa a rai: ko man gas ya ƙare a janaretan turken sadarwa, ko ɓarayin daji sun taɓa turken, ko kuwa gwamnati ce ta rufe layuka kamar yadda aka yi a Zamfara a watan Satumba na 2021, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Biyun ƙarshen nan ma'anarsu ɗaya ce: akwai motsi a daji. Duk wanda yake nan a watan Maris na 2022, lokacin da aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a wannan yanki aka kashe fiye da 60, ba ya ɗaukar shirun waya da wasa.

A cikin wannan hali nake aikin kula da kwamfutoci da intanet na wata ƙungiyar adashi da rancen manoma, mai hedikwata a Zuru da rassa a Dirin Daji da Ribah da Mahuta. Duk lissafinmu, ajiyar kowa da bashin kowa, yana cikin wata manhaja wadda uwar garkenta ke Turai. Mun koma haka ne saboda hanya. Ɗaukar tsabar kuɗi a mota ko a kan babur daga wannan gari zuwa wancan sayar da rai ne, kuma tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 har tsofaffin da ba su iya karatu ba sun san kalmar tiransifa, sun san jiran alat. Manomi zai sayar da dawarsa ko waken suya, ɗan kasuwa ya tura masa kuɗi, shi kuma ya zo wurinmu ya rage bashin taki. Intanet ɗin nan shi ya raba mutane da yawa da ɗaura kuɗi a ƙugu su ratsa daji.

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024 ta same ni a reshen Dirin Daji ina sauya baturan sola. Azumi bai fi kwana huɗu da kamawa ba, abokan aikinmu Kirista su ma suna cikin nasu azumin na gabanin Ista, ga zafin bazara, ga tsadar hatsi da ta kai mutane bango. Ofishi cike da mata masu karɓar rancen sana'ar buɗa-baki. Da hantsi ya ɗaga sai mai karɓar kuɗi ta leƙo ta ce, "Injiniya, abin nan sai juyawa yake yi, ya ƙi shiga."

Ƙa'idar aikinmu ita ce a fara daga abin da hannu ke iya taɓawa, a riƙa matsawa gaba taki ɗaya bayan ɗaya, kada a tsallake ko guda. Na duba wuta: inbata lafiya, batura cike. Na duba rauta: fitilunta duk kore, sandunan sabis a tsaye. Na bi wayoyin da suka haɗa kwamfutoci, babu wadda ɓera ya ci. Sai na zauna na fara gwajin ƙwanƙwasa, wato in aika ɗan ƙaramin saƙo ga wata na'ura in ga ko za ta amsa. Rautarmu ta amsa nan take. Ƙofar kamfanin sadarwa ita ma ta amsa, wanda ke nufin turken da ke ba mu sabis yana raye, janaretansa na aiki, babu wanda ya taɓa shi. Da na ƙwanƙwasa wa uwar garkenmu ta Turai kuwa, cikin saƙo goma da ƙyar biyu suka dawo, su ma bayan dogon jinkiri.

Na yi zaton ko ma'ajiyar adireshi ce, wadda ake kira DNS, mai fassara sunan shafi zuwa lambar da na'ura ke ganewa, domin sau da yawa ita ce ke kwanciya a ɗauka duniya ce ta tsaya. Na sauya ta da wata, abin bai motsa ba. Na kira uwar garken da lambarta kai tsaye, shiru. Daga nan na juya rautar zuwa layi na biyu, na wani kamfani daban, wanda muka tanada musamman don irin wannan rana. Ciwon ɗaya ne, babu bambanci ko na ƙwayar zarra.

Kafin in gama wannan, waya ta fara ruri. Zuru babu, Ribah babu, Mahuta babu. Masu POS na bakin kasuwa suka fara turo yara suna tambaya ko namu na yi. Manhajojin bankuna sun ƙi buɗewa, ƙananan lambobin da ake dannawa a tura kuɗi wani lokaci su wuce, wani lokaci su maƙale a tsakiya, a cire wa mutum kuɗi ba su isa ba. Kan ka ce kwabo magana ta zagaya gari cewa an rufe layi ne domin sojoji za su shiga daji. Wasu suka ce a'a, ɓarayin ne suka ƙone turke. Na ga wata mata ta ja ɗanta ta fice ba ta ko jira takardarta ba, ta ce gara ta isa ƙauyensu da sauran rana.

Manajan reshe ya tsaya a kaina, ya rage murya. "Injiniya, ka gaya mini gaskiya. In sallami mutane mu rufe?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba rufe layi aka yi ba. Da rufewa ce, da kira ma bai shiga ba, ga shi yanzu na gama magana da Zuru. Turkenmu lafiyarsa ƙalau. Abin nan daga nesa yake. A ba ni ɗan lokaci in gano iyakarsa."

Akwai gwajin da muke kira bin sawu, wanda ke nuna kowane zango da saƙo ya yada a kan hanyarsa. Na sake shi. Saƙon ya bar Dirin Daji, ya shiga cikin kamfanin, ya bi zangon da ya saba bi har Legas. Daga nan, inda a kullum nake ganin sunan wani zango na Landan ya bayyana, sai layuka suka cika da taurari, alamar babu amsa. Na gwada wasu shafuka da na san a cikin Najeriya aka ajiye su, suka buɗe ba gardama, domin su ba sa fita waje, a cibiyar musayar intanet ta ƙasa, IXPN, suke haɗuwa da mai nema. Hoton ya fito sarai: cikin gida lafiya, ƙofar fita ce ta toshe. Na kira wani abokin karatuna da ke irin wannan aiki a Legas. Bai bari na gama sallama ba ya ce, "Kai ma ya iso ku? Wayoyin teku ne suka tsinke, ba ɗaya ba, ba biyu ba."

Abin da na fara yi ba gyara ba ne, domin babu abin da sukuddireba za ta kwance a nan. Fita na yi na tsaya gaban mutane na faɗa musu da Hausa, wani abokin aiki ya maimaita da Dakarci ga waɗanda suka fi jin sa: ba harkar tsaro ba ce, babu abin da ya sami turke, wayar da ke ɗauko intanet daga Turai ce ta katse a cikin teku, har Gana da Legas abin ya shafa, kuma kuɗin kowa na nan yadda ya bar shi. Manaja ya aika wa masu unguwanni da shugabannin kasuwa wannan saƙo, na kuma tura shi ta gajeren saƙon waya ga sauran rassa domin kowa ya faɗi magana ɗaya. Na ga kafaɗun mutane sun sauka. Wani dattijo ya ce, "Ɗana, teku kuma? Ina mu ina teku?"

Tambayarsa tana kan hanya. Daga Sakaba zuwa bakin ruwa tafiyar yini guda ce cur a mota, amma kusan duk abin da muke aikawa waje ta ƙarƙashin ruwan yake bi, cikin zaren gilashi mai ɗauke da haske, a cikin kebul da kaurinsa a zurfin teku bai fi sandar makiyayi ba. A ranar nan huɗu ne suka lalace a gaɓar Kwaddebuwa, kusa da Abijan: SAT-3, wanda ya fi su daɗewa, da MainOne da Funke Opeke ta kafa, mai tsawon kilomita 7,000 daga Fotugal zuwa Legas tun 2010, da WACS da ACE waɗanda suka fara aiki a 2012. Kamfanin MainOne ya bayyana cewa binciken farko ya nuna motsin ƙasa ne a ƙasan teku. Ƙasashe fiye da goma suka ji a jikinsu, Kwaddebuwa da Laberiya da Binin suka fi shan wuya, har Afirka ta Kudu abin ya taɓa. Ga shi kuma makonni kaɗan kafin nan wasu wayoyin sun yanke a Bahar Maliya, saboda haka hanyar gabas ma a cunkushe take. Abin da ya hana Najeriya yin duhu gaba ɗaya shi ne Glo-1 da Equiano na Google, wanda ya iso Legas a 2022, ba su tsinke ba. A kansu kowa ya yi dafifi.

Nan ne na fahimci dalilin da layinmu na biyu bai cece mu ba. Kamfani biyu ne, turke biyu, sim biyu, biyan kuɗi biyu a kowane wata, amma a can ƙasan ruwa a rami ɗaya hanyoyinsu suka bi. Layi biyu ba lallai ya zama hanya biyu ba.

Sauran yinin a kan takarda muka yi shi. Aka fito da tsofaffin littattafan rasit masu kwafi daga kabad. Sa'ar da muka ci ita ce kowace yamma nakan sauke jerin ajiyar membobi a kwamfutar reshe, don haka muna da lissafin daren Laraba. Muka yanke cewa mai biyan bashi da tsabar kuɗi a karɓa a ba shi rasit, mai cirewa a ba shi daidai wani ƙaramin adadi bayan an kira Zuru an tabbatar bai cira a wani reshe ba, wanda kuma ya ce ya yi tiransifa a rubuta sunansa da lokacin, kada a ce ya ƙara turawa. Wannan na ƙarshen ya hana asara mai yawa, domin a kasuwa mutane sun yi ta turawa sau biyu sau uku suna zaton bai tafi ba. Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai ta riƙe rasit ɗinta ta ce wa mai karɓar kuɗi, "'Yar nan, wannan ai ya fi mini alat, ina ganinsa da idona."

Ta ɓangarena, na samo sim na wani kamfani na uku wanda ke ɗan motsi, na sa a rauta, na toshe duk abin da ke shan data ba bisa larura ba: bidiyo, sabunta manhajoji, kafafen zumunta. Na bar ƙofa ɗaya tak, ta lissafi. Da babu gara ba daɗi. Da rana ko wannan ba ta wucewa, sai na lura cewa can cikin dare, idan ƙasa ta yi barci, hanya kan ɗan saki. Muka mayar da aikin shigar da rasit lokacin sahur. Ni da akawu mukan zauna da fitilar sola da kofin kunu, yana karanto lamba ina shigarwa, muna jiran kowace ta samu karɓuwa kafin mu wuce ta gaba. Abokiyar aikinmu Kirista da ke hedikwatarmu ta Zuru ita ta ɗauki nauyin farkon dare domin mu samu zuwa tarawihi, mu kuma mu karɓe ta kafin asuba.

Cikin 'yan kwanaki kamfanoni suka karkatar da zirga-zirgarsu zuwa wayoyin da suka tsira, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta sanar cewa sabis ya dawo kusan kashi 90 cikin ɗari. Gyaran ainihi kuwa ya ɗauki makonni. Sai da jiragen ruwa na musamman suka zo, ciki har da Léon Thévenin da ya taso daga Cape Town, suka lalubo bakin kowace waya daga zurfin teku, suka ɗago ta, suka haɗa zaren gilashin ɗaya bayan ɗaya. Na MainOne bai dawo ba sai a watan Mayu. Da muka daidaita littattafanmu da manhaja, ko naira ɗaya ta memba ba ta salwanta ba.

Bayan sallah na kai wa shugabannin ƙungiya shawara uku, suka amince. A ajiye kwafin lissafi a uwar garke ta cikin Najeriya, domin rancen da aka bayar a Dirin Daji ba shi da dalilin zuwa Turai kafin a gan shi a Zuru. A riƙa tambayar duk kamfanin da za mu ɗauki layinsa ta wace wayar teku yake fita, a kuma duba intanet na tauraron ɗan'adam, wanda Starlink ya fara sayarwa a ƙasar nan tun Janairun 2023, ko da a hedikwata kaɗai. Sannan kowane reshe ya riƙe littafin rasit da rubutacciyar ƙa'idar aiki da hannu, a riƙa gwada ta lokaci-lokaci.

Akwai ta huɗu wadda ba a hannunmu take ba. A ranar nan gajeren saƙon waya yana shiga lafiya lau. Da an tura wa kowane mai layi jimla biyu da Hausa cewa matsalar daga teku take, ba ta tsaro ba ce, da matar nan ba ta ja ɗanta cikin rana tsaka da azumi a bakinta ba, da 'yan kasuwa ba su kwashe kaya kafin la'asar ba. Bayanin ya fita, amma da Turanci, a kan intanet ɗin da ya yanke. Ina roƙon hukumar sadarwa da kamfanonin waya su mayar da wannan ƙa'ida: duk lokacin da sabis ya samu babbar tangarɗa, a sanar da mutane dalili cikin sa'a guda, ta gajeren saƙo da gidajen rediyo, da harshen da suke ji. A yankin da mutane ke auna lafiyar hanya da sandunan sabis, sanin abin da ya faru shi ne rabin gyara, kuma haƙƙinsu ne a gaya musu.