Shingen Da Ido Ba Ya Gani

Wani saurayi mai aikin zane a wata maɗaba'a ya kwana bai runtsa ba saboda taswira guda ɗaya. An ba shi aikin zana jihohin Nijeriya 36 domin littafin 'yan makaranta, da asuba kuwa za a kai aikin ga injin bugu. Shi ba da alƙalami yake zane ba. Umurni yake rubuta wa kwamfuta, ita kuma ta ja layi daga wannan ɗigo zuwa wancan, watau irin zanen nan da ko an faɗaɗa shi ya kai girman bango ba ya dusashewa.

Domin kada launin wata jiha ya malala cikin na maƙwabciyarta, sai ya kewaye Sakkwato da shinge na umurni, wanda ke hana launi sauka a wajensa. Sakkwato ta fito tsaf. Ya kafa wa Kebbi nata shingen, ya zuba launi, amma ko ɗigo bai bayyana ba. Haka Zamfara, haka sauran duka.

Can cikin dare wani dattijon ma'aikaci ya leƙo, ya dubi umurnin, ya ce, "Ɗana, ka ajiye filin kafin ka kewaye shi?"

Ashe nan gizo ke saƙa. A harshen PostScript, wanda kamfanin Adobe na John Warnock da Charles Geschke ya fitar a 1984, sabon shinge ba ya kawar da tsoho. Kwamfuta takan ɗauki wurin da shingayen biyu suka haɗu ne kaɗai, saboda haka fili sai dai ya ƙara tsukewa. Sakkwato da Kebbi kuwa iyaka kawai suka tara, don haka babu inda launi zai sauka.

Ba da ganganci aka shimfiɗa wannan ƙa'ida ba. Ita ce ke tsare hoton da aka ba gurbi a shafi, kada ya ƙetare ya ɓata rubutun da ke gefensa. Maganin kuwa kalmomi biyu ne: gsave kafin a kafa shinge, domin a adana filin yadda yake, sa'an nan grestore bayan an gama, domin a komo da shi. Kamar jerin kwanuka ne, wanda aka ɗora a ƙarshe shi ake fara saukewa, kuma kowace ajiya dole ta sami ɗaukarta. Tsarin PDF na 1993 ya gaji wannan hanya da haruffan q da Q.

Saurayin ya sa kowace jiha tsakanin kalmomin nan biyu. Kafin kiran assalatu taswira ta fito cif, daga Sakkwato har Kuros Riba. Tun daga ranar bai ƙara kafa shinge ba sai ya fara ajiya, gama wanda bai ajiye ba ba shi da abin ɗauka.