Filastar da ke Gadin Ɗinki

Matar da aka yi wa aikin yoyon fitsari takan kwashe kimanin kwana 14 da robar fitsari a jikinta. A cikin mafitsara, ɗan balan-balan mai ruwa ne ke riƙe robar. A waje, filasta ce ke manne ta a cinya. Gumin bazara kuwa ba ya barin filasta ta zauna. Da ta saki, kowane juyi a gado zai ja robar, balan-balan ya danne ɗanyen ɗinki, ya iya ɓarkewa, yoyo ya dawo. Shi ya sa gogaggiyar ma'aikaciyar jinya kan duba cinya kafin takarda: ta tsane fata, ta sake mannawa, ta bar wa robar ɗan sassauci.