Masu Saƙa Labarin Yau da Gobe: Abin da Na Gani a Amurka

Akwai wani irin wasan kwaikwayo mai dogon zango da gidajen talabijin na Amurka suke nunawa da rana tsaka, Litinin zuwa Juma'a, lokacin da maigida yake wurin aiki, yara suna makaranta, uwargida kuma ta ɗan samu sararin zama. Ba a cika ambatonsa ba idan ana lissafa abubuwan alfaharin ƙasar, don manyan finafinan Hollywood sun sha masa gaba. Amma a cikin waɗannan wasanni akwai wanda ya shekara 72 ana yinsa. Son sanin mutanen da suka iya ɗaukar irin wannan nauyi ne ya sa na tsara tafiyata ta ratsa Shikago da Sinsinati da New York, ta ƙare a Los Angeles.

Shikago birni ne da ke bakin tafkin Michigan, ruwan da ido ba ya ganin ƙarshensa, kuma iskar da ke tasowa daga can tana ratsa riga har ƙashi. A kan titin Michigan na tsaya gindin dogon benen da a dā yake hedkwatar jaridar Chicago Tribune, wanda aka manna wa bangonsa gutsattsarin duwatsu daga sanannun gine-ginen duniya. Wannan jarida ce a wancan zamani ta mallaki gidan rediyon WGN, inda wata malamar makaranta mai suna Irna Phillips ta samu aiki. A 1930 ta fara wani shiri na minti 15 mai suna Painted Dreams, labarin wata dattijuwa da mijinta ya rasu da 'yarta da hirarrakinsu na cikin gida. Ita take rubutawa, ita kuma take fitowa a matsayin dattijuwar. Da shirin ya karɓu, sai rigima ta ɓarke tsakaninta da gidan rediyon kan wanda ya mallake shi. Ta kai ƙara, ba ta yi nasara ba, daga nan ta ɗaura niyyar cewa duk abin da ta ƙirƙira nan gaba nata ne.

Yadda take aiki shi ya fi ɗaure mini kai. Ba ta zama ta riƙe alƙalami. Kai-komo take yi a ɗaki tana faɗa, tana sauya murya daga ta miji zuwa ta mata zuwa ta likita, sakatariyarta tana rubutawa. Ita ce ta yaɗa dabarar yanke labari a daidai inda zuciya ta rataye, don mai sauraro ya kwana da ƙishin gobe, da kuma amfani da kiɗa wajen haɗa wannan fitowa da waccan. Ko bayan da shirye-shiryenta suka koma New York, ba ta bar Shikago ba. Daga gida take kallo, ana gamawa ta ɗaga waya ta faɗa wa masu shiryawa inda suka kuskure. Kusan duk wani babban wasan rana na Amurka, in ka bi salsalarsa, sai ka iske ita ko wanda ya koyi aiki a hannunta.

Daga Shikago na kama hanyar mota ta jihar Indiana, gonakin masara da waken suya hagu da dama har iyakar gani, zuwa Sinsinati a bakin kogin Ohio. Gari ne mai tuddai da tsofaffin gidajen jan bulo, jihar Kentucky tana tsallaken ruwa. A nan ne a 1837 wani mai yin kyandir, William Procter, da wani mai yin sabulu, James Gamble, suka haɗa jari suka kafa kamfanin Procter & Gamble, wanda tagwayen benayen hedkwatarsa suke tsaye a tsakiyar gari. Kuɗin da ya ciyar da wasannin rana daga irin wannan kamfani ya fito. Masu sabulu sun daɗe suna tura mata gida-gida su tambayi matan aure yadda suke wanki da girki, don haka sun san wace ce ke sayen kayansu, sun kuma san ƙarfe nawa take kusa da rediyo. A 1933, ana tsakiyar matsin tattalin arzikin da ya durƙusar da Amurka, gidan rediyon WLW na Sinsinati ya fara Ma Perkins, ana tallar garin sabulun Oxydol a cikinsa. Wata 'yar garin, Virginia Payne, tana da shekara ashirin da 'yan kai ta karɓi rawar tsohuwa mai shagon katako wadda kowa ke kawo wa kukansa. Ta riƙe rawar shekara 27, har aka rufe shirin a 1960, kuma an shaida ba ta taɓa fashi ko sau ɗaya ba. A nan na fara gane cewa jarin wannan sana'a shi ne cika alkawari: an ce wa uwargida gobe war haka za a dawo, to sai an dawo.

A New York ne na fi daɗewa, domin nan ne sana'ar ta yi ƙuruciyarta a talabijin. Na je cibiyar Paley da ke tsakiyar Manhattan, inda mutum yake zama gaban allo ya kalli tsofaffin shirye-shirye. Na kuma bi ta gaban ginin gidan talabijin na CBS a titi na 57, wani shimfiɗeɗen gini maras ado da a dā ma'ajiyar kamfanin madara ne, wanda aka shekara da shekaru ana ɗaukar wasannin rana a cikinsa. Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin riƙe kyamara shi ya zaunar da ni ya warware mini yadda abin yake a zamanin da ake watsawa kai-tsaye. Da sassafe 'yan wasa suke haɗuwa su karanta takardun ranar, a nuna wa kowa inda zai tsaya, a yi gwaji da kyamara, a sake yi da tufafi, sannan lokaci ya yi. Babu damar sakewa. Wanda ya mance layinsa, sai abokin fitowarsa ya rufa masa asiri da wata magana. Makaɗi yana gefe idonsa a kan ƙaramin allo, yana jiran lokacin da zai shigo. Ana gamawa da rana, kafin yamma an raba takardun gobe. Da dare kuma kafintoci su shigo su kwance falo su kafa asibiti.

Guiding Light, wanda Irna Phillips ta fara a rediyo a 1937, ya shiga talabijin a 1952, kuma har 1956 'yan wasansa sau biyu suke yin labarin kowace rana, ɗaya don masu kallo, ɗaya don masu sauraro. Shi ne wanda ya shekara 72 ɗin nan, ya kai 2009. A 1956 Irna ta kawo As the World Turns mai tsawon minti 30, a lokacin da ake ganin minti 15 ya isa. Ta yi amfani da ƙarin lokacin wajen sassauta tafiyar labari, ta sa kyamara ta matsa kusa da fuska, don a ga abin da baki bai furta ba. Helen Wagner, wadda ta faɗi kalmomin farko na shirin, ta ci gaba da fitowa a cikinsa har rasuwarta a 2010. Tana cikin wasa kai-tsaye ranar 22 ga Nuwamba, 1963, aka katse shirin da muryar mai karanta labarai Walter Cronkite yana sanar da harbin Shugaba Kennedy. Su da ke gaban kyamara ba su san abin da ake ciki ba, suka ci gaba da aikinsu.

Abin da ya ƙara mini ganin girman waɗannan mutane shi ne yadda suka ɗauki mai kallonsu da daraja. Agnes Nixon, wadda ta koyi aiki a hannun Irna, ta rubuta wa Guiding Light wani labari a 1962 inda aka gano sankarar mahaifa a jikin Bert Bauer, matar da masu kallo suke ji da ita kamar 'yar uwarsu, kuma aka gano da wuri saboda ta yi gwaji. An hana ta ambaton sunan cutar ƙarara, ta bi ta gefe ta isar da saƙon, mata suka riƙa zuwa asibiti a duba su. A 1968 ta ƙirƙiri One Life to Live, ta sa a ciki wata mace, Carla, wadda Ellen Holly ta fito a matsayinta. Masu kallo sun ɗauka Baturiya ce, har wasu suka fusata da suka ga tana soyayya da baƙar fatar likita. Can sai labari ya bayyana cewa ita ma baƙar fata ce da ke ɓoye asalinta, 'yar wata ma'aikaciyar asibitin. Ta haka Agnes ta sa mutane suka fuskanci abin da ke zukatansu, a shekarar da aka kashe Martin Luther King.

Los Angeles gari ne na rana da bishiyoyi dogaye da cunkoson motoci. Kusa da tsohuwar kasuwar manoma ta Fairfax akwai Television City, inda aka daɗe ana ɗaukar The Young and the Restless, wanda William Bell, shi ma yaron gidan Irna, ya ƙirƙira tare da matarsa Lee a 1973. Yanzu ba a watsawa kai-tsaye, amma saurin bai ragu ba. Babban marubuci yana tsara inda labari zai dosa na watanni masu zuwa. Wasu marubutan su yanka shi kwana-kwana, fitowa-fitowa, wasu kuma su sa wa mutane magana a baki. Kyamara uku ko huɗu suke ɗauka lokaci guda, darakta yana wani ɗaki gaban alluna yana zaɓar wadda za a yi amfani da ita. Shirin dare yakan yi kashi ashirin da 'yan kai a shekara ya tafi hutu, na rana kuwa yakan kai wajen 250. Ɗan wasa yana iya haddace shafuka masu yawa da dare, ya zubar da su da safe, ya ɗauki wasu. Eric Braeden yana wannan aiki a shiri ɗaya tun 1980. Susan Lucci ta shirin All My Children an sa sunanta a takarar kyautar Emmy sau 18 ba ta ci ba, sai a karo na 19, a 1999. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Zamanin ganiyarsu ya wuce. A Nuwamban 1981 mutane kusan miliyan 30 suka kalli bikin auren Luke da Laura a cikin shirin General Hospital. Daga baya mata suka ƙara fita aiki, tashoshi suka yawaita, shari'ar O. J. Simpson ta 1995 ta cinye lokacin rana na watanni, wasu masu kallo ba su sake dawowa ba, kuma shirye-shiryen hira sun fi araha. Daga shiri 19 a wajajen 1970, aka wayi gari saura huɗu. Akwai kuma asarar da ba ta gyaruwa: yawancin fitowar farko ba a adana su ba, wasu faya-fayan ma gogewa aka yi aka sake ɗauka a kansu. Duk da haka tushen bai mutu ba. A Fabrairun 2025 CBS ta fara Beyond the Gates, labarin wani attajirin iyali na baƙar fata, wanda Michele Val Jean ta ƙirƙira, ana ɗaukarsa a Atlanta, kuma Procter & Gamble yana cikin masu hannu a ciki.

Mu da muke bin Daɗin Kowa da ire-irensa mun san daɗin labarin da ake jira. Abin da nake fata masu shirya namu su ɗauka daga Amurkawan nan abu uku ne: babban marubuci ya zaunar da na ƙasa da shi ya koya masa, kamar yadda Irna ta yi wa Agnes da Bell, a ajiye kowane kashi a wuri mai aminci, kada jikoki su nema su rasa, a kuma riƙe mai kallo a matsayin mai hankali wanda za a iya gaya wa gaskiya. Wanda ya yi waɗannan, labarinsa zai iya fin shi tsawon rai.