Shirun Da Ya Kusa Rushe Gininmu

Zan ba ku labarin kuskuren da na yi, ko wani zai tsira daga irinsa.

Ikkilisiyarmu ƙarama ce, a wani ƙauye kusa da Jugu, garin da fataken Kano suka riƙa yada zango a dā, kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro. Jugu ta sami nata Bishop a shekarar 1995, amma mu a rumfar ciyawa muka ci gaba da sujada. Da muka tara baiko domin ginin majami'a, sai Fada ya danƙa mini kuɗin da aikin duka.

Na tafi Paraku sayen siminti da kwano. Na tarar farashi ya wuce lissafinmu, kuɗin mota kuma ya cinye wani kaso. Siminti kaɗai na dawo da shi. Kunya ta hana ni faɗa. Na ce a raina, ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

Ga kuskure na biyu. Sanarwar ranar Lahadi da Faransanci da Hausa nake yin ta, alhali matan da ke ɗebo ruwa da yashi, yawancinsu Yom da Lokpa suke ji. Bango ya tashi, ba a ga kwano ba, damina kuwa tana matsowa. Sai raɗa ta bazu cewa katikis ya ci kuɗin Allah. Wata safiya magini ya zo, ba ko tulu ɗaya na ruwa.

Da dare wani dattijo ya same ni. Ya ce, "Malam, ban ce ka ci ba. Amma wanda aka bari cikin duhu, ko kututture ya gani sai ya ce kura ce." Na ce, "Baba, to me zan yi?" Ya ce, "Buɗe littafin."

Daren nan na karanta Ayyukan Manzanni sura 6. A can ma harshe ne ya raba jama'a: masu jin Helenanci suka yi gunaguni don ana manta gwaurayensu wajen rabon abinci. Manzannin ba su tsawata musu ba. Suka tara kowa, suka bar jama'a ta zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin. Na tuna kuma da abin da iyayenmu ke faɗa game da Fabrairun 1990, sa'ad da Bishop Isidore de Souza ya shugabanci Taron Ƙasa a Kwatano. Ana jin muhawarar a rediyo, aka kuwa sauya tsarin mulki ba tare da yaƙi ba. Idan ƙasa guda ta iya baje zancenta a fili, ni wane ne da zan ɓoye lissafin siminti?

Ran Lahadi, a gindin mangwaro, na karanta rasit ɗaya bayan ɗaya, matasa biyu suna fassarawa. Na roƙi gafara. Sai wata tsohuwa daga zumuntar mata ta ce, "Ɗana, da ka faɗa tun farko! Ga kakar kashu ta zo, kowane gida ya kawo kwarya ɗaya." Magini ya ce a jinkirta shafe da tagogi, a rufe ɗaki tukuna. Aka zaɓi mutum uku su riƙe kuɗi, ni ba na ciki. Mafitar tana hannunsu tun tuni, bakina ne ya tsare ta.

Mun buga kwano kafin ruwa ya zauna. Amma gida biyu ba su komo sujada ba har yau, nauyin wannan kuwa yana wuyana.

Kai da aka ba ka aiki, ko a ikkilisiya, ko a makaranta, ko a gona: labari marar daɗi, ka faɗe shi da wuri, da harshen masu ɗaukar kaya. Ka tambaya kafin ka yanke shawara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannun da ba a gaya wa ba, yaya zai kama? Ubangiji ya ba mu bakin gaskiya da kunnen saurare. Amin.