Zango Uku a Kan Dutsen Kilimanjaro

A ƙasar Tanzaniya, can gabashin Afirka, akwai wani dutse wanda a ke kira Kilimanjaro. Duk Afirka babu dutsen da ya kai shi tsawo. In an auna daga fuskar teku zuwa ƙololuwarsa, mita 5,895 ne. Ko da ya ke ƙasar ta zafi ce, bisa kan dutsen nan akwai ƙanƙara fara fat, rani da damina. A cikin 1848 wani Bajamushe mai suna Johannes Rebmann ya hango ta, ya aika da labari Turai. Waɗansu masana suka ƙaryata shi, suka ce ina aka taɓa ganin ƙanƙara a ƙasar zafi?

A cikin 1889 wani Bajamushe kuma, Hans Meyer, da abokinsa Ludwig Purtscheller, suka hau har ƙololuwa. Mutanen ƙasar ne suka ɗauka musu kaya. A cikin 1973 gwamnatin Tanzaniya ta mai da dutsen gandun daji, aka hana farauta da saran itace a cikinsa. Kowace shekara dubban mutane su kan zo daga ƙasashe dabam dabam don su hau. Amma ba a yarda kowa ya hau ba sai da jagora.

Hanyoyin hawa suna da yawa. Ɗaya daga cikinsu ta tashi daga wani gari, Marangu, inda mutanen Caga su ke noman ayaba da kofi. A kan wannan hanya an gina zango uku, watau wuraren da mahaya su ke kwana.

Zango na fari sunansa Mandara, tsawon wurin wajen mita 2,700. Kafin a isa can sai an ratsa kurmi mai duhu, mai yawan ruwan sama. Birai masu gashi baƙi da fari suna ta tsalle a kan itatuwa. Ɗakunan zangon na katako ne, da gadaje da katifu a ciki, ga kuma babban ɗakin cin abinci.

Zango na biyu shi ne Horombo, wajen mita 3,700. A nan kurmi ya ƙare, sai ciyawa da gajerun itatuwa. Sau da yawa mutum ya kan duba ƙasa ya ga gizagizai ƙarƙashinsa, shimfiɗe kamar auduga. Da rana ta faɗi sai sanyi ya sauko, kowa ya nemi bargo.

Zango na uku shi ne Kibo, wajen mita 4,700. Wurin fili ne fetal, sai duwatsu da tsakuwa da iska mai sanyi. Ko ruwan sha babu, sai an ɗauko daga ƙasa.

To, kun lura kowane zango ya fi na bayansa da kamar mita 1,000? Akwai dalili. Duk sa'ad da mutum ya ƙara hawa, iska tana ƙara raguwa. A ƙololuwa, abin da numfashi ɗaya ya ke kai wa jiki kamar rabin na bakin teku ne. Jikin ɗan Adam yana iya sabawa da haka, amma sai a hankali. Wanda ya yi gaggawa sai ciwon kai ya kama shi, da jiri, da tashin zuciya. In ya ƙi saukowa, ruwa yana iya taruwa a huhunsa, har ya rasa ransa. Saboda haka masu hankali su kan ƙara kwana ɗaya a Horombo, su huta.

Jagorori suna da wata kalma ta harshen Suwahili da su ke yawan faɗa wa mahaya, "Pole pole," watau sannu sannu. A kan ga saurayi ƙaƙƙarfa ya wuce kowa ran fari, yana yi wa na baya dariya. Ran na uku sai a gan shi zaune bakin hanya, ya dafe kai, tsoho kuwa ya zo ya wuce shi yana dogara sanda. Sannu ba ta hana zuwa.

Daga Kibo a kan tashi da tsakar dare, kowa da fitila ɗaure a goshi. Hanyar tana da tsayi ƙwarai, sanyi kuma ya kan daskarar da ruwa a cikin gora. Wajen fitowar rana a ke isa bakin wani babban rami a kan dutsen, don Kilimanjaro a zamanin dā dutse ne mai aman wuta. Daga nan sai a bi gefen ramin zuwa ƙololuwa. Sunanta Uhuru, watau 'yanci, don tunawa da mulkin kai da ƙasar ta samu a 1961.

Ba kowa ne ya ke kaiwa ba. Wani ya kan zo har Kibo, jagora ya dube shi ya ce, "Yallaɓai, jikinka ya ƙi, sai mu juya." Maganar nan tana da ɗaci ga wanda ya taso daga nesa, ya kashe kuɗi mai yawa. Amma wanda ya ji ta ya sauko, ya tsira da ransa. In Allah ya kai shi wata shekara, ya dawo ya sāke gwadawa, ya tarar da dutsen yana nan inda ya bar shi.